Ranar da Yagana Ta Rufe wa Bilic Ƙofa

Har yau ban manta da ranar da Yagana ta kusa rasa ranta a banɗakin masaukin baƙi na Kazaure ba. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, muna ƙarƙashin Jihar Kano, ni ne babban boyi, wato mai kula da ɗakuna da masu shara. An saka mana masai irin na zama, fari tas, amma ruwan rijiyarmu ya bi ya bar masa tabo ja kamar tsatsa. Sai aka aiko mana da bilic, wato ruwan wanki mai sa abu ya yi fari, da wani ruwan asid na cire tabo. Ɗan kwangilar da ya kawo su ya dire kaya ya yi gaba abinsa, bai yi wa kowa bayanin yadda ake amfani da su ba.

Yagana mai shara ce, asalinsu Barno, mace mai tsafta har ta yi yawa. Da hantsi ina gyara gado sai na ji tari, irin wanda ba ya barin mutum ya ja numfashi. Ina tura ƙofar banɗaki wani yaji ya buge ni a ido. Ga ta durƙushe, hawaye shaɓe-shaɓe. Na riƙe numfashi, na janyo ta waje gindin darbejiya, muka yi ta kwarara mata ruwa a ido. Gaskiya na tsorata ƙwarai.

A asibiti, da numfashinta ya daidaita, malamin asibiti ya tambaye ta abin da ta yi.

"Bilic da asid ɗin na haɗa, Malam, don su ƙara ƙarfi. Sannan na rufe taga da ƙofa."

"Rufewar fa ta mece ce?"

"To, ai haka ake yi wa turaren wuta, don ya kama ɗaki."

Malamin ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya murtuke. Ya ce bilic da asid in sun haɗu iska mai guba suke fitarwa, da ta ƙara jimawa a ciki da sai dai gawarta.

Daga ranar muka kafa doka: ba a haɗa su, a ɗauraye da ruwa sosai kafin a zuba wani, taga a buɗe, safar roba a hannu.

Abin da na koya shi ne, mai ƙwazo ya fi kowa shiga haɗari in an ba shi kaya ba a yi masa bayani ba. Yagana kuwa ta yi ritaya lafiya lau. Kafin nan, duk sabon ma'aikaci ita ke tare shi a bakin banɗaki ta ce, "Ɗana, buɗe taga tukuna. Ni na riga na shaƙa maka."