Kakar da Malam Sabi'u ya jira

Ranar Talata da hantsi, ina fitowa daga tashar jirgin ƙasa ta Metro da ke Mansura a Doha, saƙon murya ya shigo mini daga gida Najeriya. Habu ne, ƙanin Malam Sabi'u. Ya yi sallama, ya ce Allah ya yi wa Yaya rasuwa da asuba a wani asibiti a Kano, har an kai shi makwancinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsaya a bakin titi, rana na dukana ban ji ba. Allah ya gani, tambaya ɗaya ce ta fara zuwa zuciyata: ya kai gona kuwa? Amma na kasa furta ta, don ba abin da ake tambayar mai sabon rashi ba ne.

Malam Sabi'u shi ya koya mini aiki. Ofishinmu ɗan ƙarami ne a saman wani shagon ɗinki, inda muke rubuta wa shagunan ƙasashen waje gajerun saƙonnin talla, mu tura wa abokan cinikinsu a waya. Da dama daga cikin shagunan na Yahudawa ne a Amurka da Ingila, masu gidan burodi da masu kayan yara da na girki. Na zo da zafin kai, a ganina talla ai yawan turawa ne. Shi kuwa ya zaunar da ni, ya sayo mana shayi, ya ce, "Nafi'u, waya aljihun mutum ce. Ba a sa hannu ba sallama."

A wurinsa na koyi cewa gaisuwa ke gaba, rangwame na biye. Na koyi cewa daga faɗuwar rana ranar Juma'a a garinsu har daren Asabar ba a tura musu komai, haka ma ranar babban azuminsu. Yakan ce mai ibada ba a yi masa talla, ko da ba addininka yake yi ba. Mutum ne da bai rasa jam'i, kuma ɗakinsa na unguwar Najma bai rabuwa da sabon zuwa, direba ko mai gadi, har sai ya samu wurin kwana.

Akwai wani bikinsu da ke sa shi ya daina buga komai, Idin Bukkoki. Sukan kafa rumfa a tsakar gida, su rufa ta da rassa, su ci abinci a ciki suna hango sama ta tsakanin ganye. Idan masu shago suka aiko da hotuna, sai Malam ya jingina da kujera, idonsa a kan allo amma shi ba ya Doha. A hankali zai fara ba ni labarin bukkar gonar mahaifinsa a wani ƙauye bayan Gumel: gero ya sunkuyar da kai, ruwan ƙarshe na damina ya ɗauke, hayaƙi na tashi, ana gasa sabuwar zangarniya a yi tumu. Yakan murza tafin hannunsa yana magana, kamar geron na ciki. Ni ɗan birni ne, ban taɓa kwana a gona ba, amma wallahi har ƙanshin nake ji a cikin sanyin na'urar ofis.

Abin baƙin cikin shi ne bukukuwan nan kan faɗo daidai da kaka, daga su kuma sai rangwamen ƙarshen shekara. Lokacin ba mai motsawa. Hutunsa kullum sai da rani, ya je ya tarar da gona fayau, sai kara. Shekara da shekaru a haka. Sau ɗaya na ji ya yi ƙorafi, yana murmushi: "Ina tallar kakar wasu, tawa na wuce ni."

Shi ya sa ya dage da ni. Bai ɓoye mini ba, ya ce so yake in iya riƙe lokacin bukukuwan ni kaɗai, shi ya je ya ci tumu ko sau ɗaya kafin tsufa. Bana mai kamfanin ya duba aikina, ya ce khalas, shi ke nan, Malam na iya tafiya. Ya rame a watannin nan, yana tari, in na yi magana ya ce sanyin ofis ne. Na raka shi filin jirgi yana zolayata wai zai kawo mini tsarabar ƙaiƙayi. Da ya yi shiru bayan tafiyarsa, na ɗauka ƙauye ne ba sabis, har ina jin daɗi.

Bayan sadakar uku na kira Habu, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambaya. Ya ce bai kai ba. Daga filin jirgi asibiti aka wuce da shi. Amma da ya ga jikin ya yi nauyi, shi Habu ya hau mota ya tafi ƙauye, ya yanko zangarniya daga gonar, ya roƙi mai shayin bakin asibiti ya gasa masa a garwashinsa. Malam ya karɓa, ya murza a tafinsa, ya hure, ya daɗe yana shinshinawa ido rufe. Ƙwaya kaɗan ya iya haɗiyewa. Sannan ya ce, "Ka gaya wa Nafi'u na ci."

Na ajiye wayar na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar Talata.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sabi'u, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Ka saukar da shi a inuwar da ba ta gushewa, cikin lambun da amfaninsa ba ya yankewa. Ka ba matarsa Malama Rabi da 'ya'yansa haƙuri, ka zama gatansu, ka saka wa Habu da alheri. Mu kuma da ke nesa da gida, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.