Inda Hannuna Ba Ya Zuwa

Da aka cire mini nonon hagu, tambayar kowa ɗaya ce: ciwon ya tafi? Ya tafi, alhamdu lillahi. Na sha zirga-zirga tsakanin Parakou da Kwatano har direbobin bas suka san ni, na yi shimiyo, wato ƙarin ruwan kashe cutar kansa, gashina ya zube ya sake tsirowa, likita ya duba ya ce ba sauran kansa. Ba wanda ya tambaye ni yadda nake wanka.

To ga yadda nake yi. In shiga makewayi in kafa wa bango ido, in kwara ruwa daga kafaɗa ya gangara da kansa. Soso ya bi ko'ina ban da wurin. In fito in cusa tsohon kallabi a sutiyan, wato rigar nono, in zura riga a bayan ƙofa kafin maigidana ya shigo.

Shi kuwa, mutumin da duk layin masu kayan babur na Banikanni ya san bakinsa, a ɗaki sai ya zama kurma. Ya koma can gefen gado. In hannuna ya taɓa shi sai ya zabura ya ce sannu. Na yanke cewa ƙyamata yake yi, ni kuma ba a san ni da roƙo ba, sai na ɗaure fuska na mai da shi maƙwabci. Mun yi watanni a haka. Ba zan ɓoye ba, ina son mijina, kuma tsoro ya cika ni cewa na rasa shi alhali yana kwance kusa da ni.

Akwai wata madam a asibiti mai duba mu bayan an yi mana aiki. Ta ce in riƙa zama shiru, in ɗora hannu a tabon, in ja numfashi, in lura da abin da nake ji kawai, kar in ce masa kyau ko muni. Na ce mata mersi, na gode. A kan zem, acaɓar garinmu, ina komawa unguwarmu Guéma dariya nake yi: wai in bar tukunya a wuta in zauna sauraron numfashina.

Wani bikin suna ya kai ni Djougou, na sauka wurin gwaggona, yayar babana, wadda ta rene ni. Ranar Juma'a da hantsi ta ɗumama mini ruwa. Da yake hannun hagun bai gama ɗaguwa ba, ta nace sai ta cuɗa mini baya. Na yi musu, amma musu da gwaggo ɓata yawu ne. Ta gama bayan, ta tsaya tana kallon yadda nake watsa ruwa a gaba ina kau da kai.

"Wannan wankan Juma'a ne ko wankan agwagwa?" in ji ta. "Ni na koya miki farillan wanka. Ina cuɗawar?"

Raina ya ɓaci. Na ce na Juma'a ai sunna ne, kuma ni rabon da wanka ya wajaba a kaina har na manta. Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Al'ada dai shimiyo ta ɗauke ta, wannan ta sani. Ɗayan kuma, na tsakanina da maigida, yanzu na gaya mata da bakina.

Ta jawo 'yar kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta ce sunna ko farilla, wanka sai hannu ya bi duk inda ruwa ya bi, kuma ita ba ta da wurin zuwa kafin azahar.

Don dai ta tashi ta ba ni wuri na ɗora hannun. Tabon dogo ne, mai tauri. A tsakiya ban ji komai ba, sai ka ce jikin wata nake taɓawa. Na matsa wajen hammata, nan kuma yana suka kaɗan-kaɗan. Da na sauko ƙasa kan haƙarƙari sai na ji ɗumin ruwa sosai, yadda na saba jin sa tun ina yarinya. Zuciyata tana bugawa dab da tafina, ban taɓa jin ta kusa haka ba. Hankalina ya gudu wurin maigida da abin da zai ce in ya gani, na jawo shi na dawo da shi kan ruwan, da ƙamshin sabulun salo, da ƙarar dakan sakwara a bayan katanga. Ya sake gudu, na sake jawo shi. Na yi kuka, amma irin wanda ake yi in an sauke kaya. Duk watannin nan ina gudun wurin kamar wuta ce, ashe fata ce kawai, kuma tawa. Madam ta faɗo mini a rai, na ce ashe ba shirme take yi ba.

Da na koma Parakou na ci gaba da hakan kullum, ba gaggawa. Wata rana maigida ya dawo cin abincin rana, yara suna makaranta, ruwa ya tsuge ya hana shi komawa shago. Ban sa kallabin ba. Na kama hannunsa na ɗora, na zaga da shi: nan ba na ji, nan a hankali, nan kuma yadda ka sani.

"Ba zafi?" ya ce.

Na ce babu.

"Wallahi tun ranar da na ga ɗinkin nake tsoron in juya cikin barci in fama miki."

Na ce ai da sai ya tambaya. Ya ce da wace fuskar, wadda nake ɗaure masa? Muka yi dariya har na riƙe ciki. Ranar dai masu neman taya a Banikanni sai gobe.

Da la'asar gwaggo ta kira a waya, bayan gaisuwa ta tambaya ko ina nan ina cuɗawa.

Na ce, "Gwaggo, na yau farilla ne."

Sai ta ce in gai da mutumin.