Idon Gualtiero na Dama

Gualtiero Nesi ba ya fita aiki sai da safar hannu, ko da ana zafin da ke narka kwalta. Baƙi suna zaton gayu ne. Mu da muka taso tare a unguwar Santo Spirito mun san hannayen da naushi ya farfasa ne a ciki.

Aikinsa rakiyar 'yan yawon buɗe ido ne a birnin Firenze. Yana ɗaga 'yar lema, su biyo shi kamar 'yan tsaki daga tsohuwar gada zuwa gidajen zane. A gaban zane muryarsa ƙasa-ƙasa ce. "Ku dubi inda haske ya sauka a kafaɗarta," yakan ce, sai ka ga mutane sun yi tsit. Kuma duk wanda ya kira sunansa a cikin cunkoso, nan take zai waiga. Ɗan rakiyar da ba ya waige, baƙo ba zai sake ɗaukarsa ba.

Amma idan Yuni ya kama, aka zuba yashi a dandalin Santa Croce, wani mutum ne daban. Ƙwallon unguwanni sunanta ƙwallo, abin da ake yi kuwa naushi ne da gwiwa da karo. Mu masu fararen riguna ne. A wannan yashin idonsa na hagu ya tafi, likita kuma ya ce na daman ma da zare yake rataye. Duka ɗaya mai kyau, shi ke nan.

Shekarar da muka kai wasan ƙarshe da masu shuɗi, shugaban 'yan wasa ya zo har gida. Wanda unguwa ta kira ba ya cewa a'a.

"Tsoho, da wane idon za ka nuna wa Jamusawa ɗuwawun gumaka?" in ji matarsa Fiorenza.

"A baya zan tsaya. Ba zan shiga gaba ba."

"Haka ka ce wancan karon, ka dawo min da rabin fuska."

Ranar wasan ma sai da ya zaga da baƙi da safe, har ya nuna musu inda za su zauna su yi kallo.

Ana buga ƙaramar igwar buɗe wasa aka kacame. Kafin ƙwallo ta taɓa hannun kowa an fitar da mutum biyu a makara, ɗaya ƙafarsa tana kallon wani wuri. Riguna sun yayyage. Jini da yashi sun zama taɓo a ƙirji. Gaban namu ya karye, baya ya zama gaba, sai ga Gualtiero fuska da fuska da Ademaro, mahaucin masu shuɗi.

"Mai lema! Yau ba ka zo da tumakinka ba?"

"Zo in nuna maka rufin sama, jaki. Kyauta."

Ya kare gefen dama da kyau. Ya fasa wa Ademaro leɓe, ya ƙara masa a haƙarƙari har muka ji daga benci. Mahauci ya tofar da haƙori, ya yi dariya, ya dawo. Suka riƙe juna, suka saki, suna huci kamar bijimai.

A nan ne wata baƙuwa mai hular kaba, cikin waɗanda ya zaga da su da safe, ta gane shi. Ta miƙe da murna.

"Gualtiero!"

Ya waiga.

Hannun Ademaro ya riga ya taso. Ba zan faɗi irin ƙarar ba. Gualtiero bai faɗi nan take ba. Ya tsaya yana lalube, aka bi ta kansa da gudu, aka tattake shi, don wasa ba ya tsayawa. Fiorenza ce ta tsallaka shinge. Maza uku suka riƙe ta, biyu sun koma gida da cizo.

Bayan an sallame shi daga asibiti, da aka yi liyafar nama kamar yadda aka saba, Ademaro ya tsallako kogi zuwa unguwarmu da gasasshen nama a takarda. Matasanmu suka tashi da kujeru. Gualtiero ya ce a zaunar da mahaucin kusa da shi.

"Ka taɓa shiga gidan zane, jaki?"

"Me zan yi a can?"

"Gobe za ka kai ni."

Haka aka riƙa ganinsu duk ranar da mahauta ke hutu, makaho da hannu a kafaɗar mahauci.

"Me kake gani?"

"Mace ce, ba kaya."

"Ubanka ne ba kaya. Daga ina hasken ya zo?"

Ɗaki-ɗaki suke bi, kuma ba ya bari a wuce sai mahauci ya gani da kansa. Sun gama hawan ƙasa. Suna tsakiyar bene na sama ciwon kan da ya rage wa Gualtiero tun ranar yashi ya kwantar da shi. Sauran ɗakunan suna nan, ba su kai gare su ba.