Sabi'u da Ruwan Maƙera

Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan Dauda maƙeri a Tamaske, saboda haka abin da zan faɗa a kan ɗansa Sabi'u ba a kasuwa na tsinto shi ba.

Gidan suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. Akwai kwatarniyar da suke tsoma jan ƙarfe in an fito da shi daga wuta, kuma ruwanta ba a zubarwa. Kowace safiya Dauda yakan ɗebo shi, baƙi ƙirin da tsatsa, ya jiƙa tsamiya a ciki, ya ba kowane ɗa namiji ya sha kafin a taɓa zugazugi. Wai shi ke sa ƙashin maƙeri ya yi tauri. Imrana da Sufyanu, yayyen Sabi'u, sun sha tun suna ƙanana, suka zama ƙarti masu cin tuwon mutum uku su nemi ƙari. Duk wanda ya kawo gyaran hauya sai Dauda ya nuna masa su.

Amma Sabi'u ya fi su hannu, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Laujen da ya ƙera, manomi ba ya yarda ya ba da aronsa. Ba shi da surutu, ba shi da faɗa. Abu ɗaya yake nema a duniya, tsohon ya ɗaga aikinsa ya ce ya yi. Bai taɓa samu ba, bai kuma daina jira ba.

Da ya haura talatin sai jiki ya fara ƙi. Yatsunsa suka riƙe, guduma ta yi masa nauyi, fatarsa ta dushe kamar an shafa toka, gefen cikinsa na dama ya kumbura. Dauda ya dube shi ya ce ragwanci ne, maganin rago kuwa ƙarin ruwa. Aka koma ba shi safe da yamma.

Matarsa Rahama ce ta matsa har suka tafi asibiti a Tawa. Aka ɗebi jininsa aka auna. Likitan ya ce ƙarfe ne ya taru masa a hanta. Ya ce a jikin kowa akwai abin da ke kama ƙarfen da ya shigo ta ci da sha, ya ɗauki na buƙata ya bar saura ya wuce. Sai dai ba iri ɗaya aka yi mutane ba, akwai zuriyar da nasu in ya kama ba ya saki. Gado ne, ta uba ko ta uwa, kuma yakan faɗa kan ɗa ɗaya ya tsallake 'yan'uwansa. Ya ce ya bar ruwan nan har abada, ya riƙa zuwa ana rage masa jini.

Washegarin dawowarsu Dauda ya miƙa masa ƙwarya kamar kullum. Ina tsaye a bakin rumfar maƙera, na kawo gyaran gatari.

"Baba, likita ya hana ni ruwan ga," in ji Sabi'u. "Yac ce ƙarhe ya yi mini yawa."

Dauda ya yi dariya har da buga cinya. "Ƙarhe ya yi ma ɗan maƙeri yawa?"

"Yac ce gado na, cikin jini yake."

Nan dariyar ta tsaya. Tsohon ya ajiye ƙwaryar a hankali. "Gado? Ni na sha, ubana ya sha, kakana ya sha. Ga Imrana, ga Suhyanu. In cikin jini yake, to ba jinina ba na. Tahi ka tambayi uwarka inda tas samo ka."

Uwar, Balki, tana bayan zana tana surfe, ta ji komai. 'Yar makiyaya ce daga wajen Buza, ta tsufa a gidan nan, ba wanda ya taɓa jin kanta da kowa. Kafin azahar maganar ta zaga gari. Dauda ya hana Sabi'u zama a maƙera, yayyensa suka riƙa ce masa baƙo, wai wasa. Na je na ce, Dauda, ka ji tsoron Allah, yaron nan har tafiyarka ya ɗauko. Ya ce in je in kula da awakina. Ban taɓa jin ina son marin dattijo ba sai ranar.

Abin haushin, Sabi'u ya fara samun sauƙi. Yana zuwa Tawa ana rage jinin, kumburin ya saɓe, yana iya dunƙule hannu. Balki ce ta lalace. Ta daina zuwa rijiya, ta daina zuwa suna da biki, don da ta iso mata ke yin shiru.

Ran wata kasuwa, rumfar cike da mutane, Sabi'u ya shigo. Ya ɗebi ruwan kwatarniya ya shanye a gaban ubansa. Rahama ta biyo shi tana kuka.

"Malam, kashe kanka za ka yi!"

"In ban sha ba, mi Inna ta zama cikin garin ga?" in ji shi.

Dauda ya tura masa guduma da ƙafa. Bai janye maganarsa ba, bai nemi gafarar kowa ba. Sabi'u ya koma sha safe da yamma, ya daina zuwa Tawa, Balki ta koma rijiya. Ya yi ta ƙira yana rama, cikin na girma, idanun suka yi rawaya. Damina ta biyu, ana tsakiyar noma, ya rasu.

Da muka dawo daga maƙabarta muka zauna a ƙofar gida. Mutane suka yi layi suna miƙa wa Dauda hannu, suna yi masa gaisuwar rashi. Bai karɓi hannun kowa ba, sai ya nuna musu zaure.

"Ku shiga ku yi ma Balki, ita tay yi rashi. Da ɗana na, da ruwan ga bai kashe shi ba."