Arzika a Ƙarƙashin Riga

Shekara talatin da ɗoriya Malam Arzika na Kucheri ya yi yana wasan dabo-dabo, amma bai taɓa ganin fuskar mai kallonsa ba. Haka sana'ar take. Zai kafa sanda, ya lulluɓa mata babbar riga, ya kwanta rigingine a ƙarƙashi, ya zura hannuwa cikin 'yan tsanarsa, ya leƙo da su ta wuyan rigar. Akwai Bara'atu mai tsiwa, akwai mijinta Tukur marowaci. Yakan sa gutsuren ɓawon ƙwan jimina a baki, muryarsa ta koma tsiririya, sai amininsa Labbo, mai kalangu, ya riƙa fassara wa jama'a daga waje.

Doka guda mahaifinsa ya bar masa: mai dabo-dabo ba ya shiga riga a kan idon mutane, ba ya kuma fitowa sai sun watse. Saboda haka Labbo ne idonsa. In an tashi, ya taɓa rigar da makaɗi sau biyu, sannan Arzika ya fito yana haɗa gumi.

To, kiɗan shekara da shekaru a gindin kunne ai ba wasa ba ne. Kunnen Arzika ya yi nauyi, har dariyar jama'a ta daina iso masa. Kullum in ya fito sai ya ce, "Labbo, an taru?" Shi kuwa ya ɗaga murya, "An taru, Malam! Bara'atu ta kashe su da dariya." Da wannan magana Arzika yake rayuwa, wallahi ba da tuwo ba. Yana ganin gidajen bidiyo sun cika Sabon Garin Gusau, 'ya'yansa ma sun ce ba su iya kwanciya cikin ƙasa kamar gawa, amma yakan ce muddin ana taruwa, gadon gidansu bai mutu ba.

Ranar wata kasuwar Tsafe, cikin kakar 1998, Bara'atu na tsaka da kwaɗa wa Tukur muciya, sai sandar ta karye. Gara ta daɗe tana cin ta. Rigar ta zube, Arzika ya yunƙura cikin kunya, yana rufe fuska kada a gane shi.

Wa zai gane shi? Fili fetal! Akuya guda ce ke cin ɓawon rake. Can tsallaken hanya mutane sun yi cincirindo a ƙofar wata rumfar bidiyo. Ga Labbo ya ba shi baya, bai ma san abin da ya faru ba, yana kiɗa yana daka wa iska tsawa: "Ku ja baya, jama'a, kowa zai gani!"

Da Labbo ya waiwayo ya gan shi, makaɗin ya faɗi daga hannunsa.

"Tun yaushe?" in ji Arzika.

Labbo ya sunkuyar da kai. "Tun bara, a Bungudu. Can muka yi mutanenmu na ƙarshe, su huɗu. Na kasa gaya maka, Malam."

Arzika bai yi faɗa ba, baƙin cikin ya wuce nan. Shekara guda cur yana kwance cikin zafi yana yi wa akuyoyi wasa! Ya dubi Bara'atu a hannunsa, bakinta a buɗe, muciyarta a sama. Can ya ɗauki guntun sandar ya kafa, ya ja rigar ya rufa.

"Buga," ya ce daga ciki. "Ba a barin ta a tsakiyar faɗa."

Labbo ya buga yana hawaye, har Tukur ya nemi gafara, Bara'atu ta yi rawarta ta ƙarshe ta nutse cikin wuyan riga. Sai ya matso kamar kullum, ya taɓa rigar da makaɗi sau biyu.

Arzika bai fito ba. Labbo ya tsuguna a gefe yana jin kukansa, siriri, don ya manta bai cire ɓawon daga bakinsa ba.