Awa Biyu Kafin Rafi Ya Kawo

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana auna ruwan sama. Kowace safiya ƙarfe tara zai hau bayan makaranta, ya buɗe ma'aunin, ya juye abin da ya taru cikin kwalba mai layi-layi, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da bakin ruwan, sannan ya rubuta. Mai Kwalba ake ce masa. Matarsa takan ce, da ita ce yake lallaɓawa haka, da tuni ta yi ƙiba.

Garin a gindin dutse yake, asibiti da kasuwa kuma suna ƙetaren rafi. Shi ya gano cewa in hadari ya zuba a ƙololuwar dutsen, sai an yi awa biyu kafin ruwan ya iso mashigi. Da agogo ya gwada, damina bayan damina. In sama ta yi baƙi sai a leƙo a tambaye shi, ya ce a wuce ko a dakata. Bai taɓa kuskure ba.

Daga baya ruwan ya sake hali. Yayyafin nan da kan yi kwana uku yana ratsa ƙasa ya ɗauke ƙafa. Sai a yi sati uku ba ɗigo, gangaren ya bushe ƙamas, sannan ruwan wata guda ya sauko a yini ɗaya. Ya rubuta wa ofishin kula da yanayi. Aka amsa masa cewa iska ce ta ƙara ɗumi, tana ɗaukar ruwa da yawa ta sake shi gaba ɗaya. Ya gane sarai, har ya yi wa maƙwabta bayani. Bai dai koma rafin da agogonsa ba.

Wata Talata autarsa, ma'aikaciyar jinya, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta. Ana zuba ruwa a ƙololuwa.

"Baba, in wuce?"

Ya duba agogo. Minti ashirin da farawa.

"Wuce, uwata. Kina da lokaci."

Ta ce in ta jiƙe, shi zai wanke mata fararen kayan. Ta fita tana dariya.

Cikin minti arba'in da biyar ruwan ya iso mashigi, da duwatsu da itatuwa. Sai washegari aka sami gawarta. Da ya hau wajen ma'aunin, ya tarar ya cika ya tumbatsa. A littafinsa, gurbin ranar ba lamba, ya ja layi kawai.

Har yanzu yana hawa ƙarfe tara. Matarsa ba ta taɓa tambayarsa abin da ya ce wa yarinyar ba, domin tana tsakar gida, ta ji.

Makon jiya hadari ya haɗo. Wata mata ta leƙo, goye da jariri mai zazzaɓi.

"Baba, a wuce?"

Ya kai ido ga hannunsa, inda agogon ya bar farin tabo.

"Ban sani ba, 'yata."

Ta ɗauka wasa yake yi, ta ɗan jira. Da ta ga bai ƙara komai ba, ta gyara goyonta ta nufi rafi. Ba wani a garin da za ta tambaya.