Igiyar da Goggo Ta Kwance

Cikina na fari ya wuce watanninsa, yaro ya yi zamansa abinsa. A asibiti ungozoma ta duba ta ce bakin mahaifa a rufe yake gam, ba za su sa mini ruwan naƙuda ba sai ya yi laushi. In ya ƙi, sai wuƙa. Wuƙar nan nake tsoro fiye da komai, don a layinmu na unguwar Treichville mun binne wata maƙwabciya bayan an yi mata aiki.

Ta zura mini siririyar roba, ta cika kan robar da ruwa ya kumbura a ciki, ta ɗaura igiya a ɗaya bakin, ta rataya jakar ruwa a igiyar ta ƙarshen gado. Nauyin ne zai riƙa ja a hankali har ƙofar mahaifa ta buɗu. Ta ce, "Bouge pas," wato kada in motsa.

Haka na wuni kamar akuyar da aka turke. Ba juyi, ba tashi, fitsari ma sai a tasa. Na tsani gadon, na tsani jakar, har maigidana da ke kasuwa lafiya lau na tsana.

Sai ga Goggo, yayar babana, daga rumfarta ta goro a kasuwar Adjamé. Ta ga igiya, ta dafe ƙirji.

"Wa ya ɗaure ki?"

"Goggo, magani ne."

"Maganin uwar wa? Mace na neman sauka ana ƙulla ta? Mu a Maradi ko ƙullin zane kwancewa ake!"

Mai cikin fari ba ta buɗe baki ta yi wa babba bayanin abin da ke jikinta, kuma Goggo ba a musu da ita. Ina kallo ta kwance igiyar, ta ɗora jakar a gado, ta rufe da zane, ta hau tsefe mini kitso, wai shi ma ƙulli ne.

Da ungozoma ta dawo, sai faɗa: ita da Faransanci, Goggo da Hausa da Julanci, yaren 'yan kasuwar garin. Ƙofa dai ba ta buɗu ba. Ko laifin Goggo ne, ko dama haka za a yi, Allah masani. Likita ya saurari bugun zuciyar yaro, ya ce ba sauran lokacin sake gwadawa.

Aka tura gadona ina kuka. Goggo ta biyo mu da gudu, yatsunta a cikin gashina.

"Ku tsaya, don Allah! Saura kitso ɗaya, saura ɗaya!"

Suka rufe ƙofar ɗakin aiki tana waje.